Hannun Zubairu a Jikin Bamba

Tun ranar da Baffa Armiya'u ya ce direba ba zai auri Mardiyya ba, Rilwanu bai sake cin tuwo ya ji ɗanɗanonsa ba.

Ba ƙinsa Baffa yake yi ba, a faɗi gaskiya. Ƙanen mahaifin Mardiyya ne, shi ke riƙe da gidan tun da wansa ya rasu, kuma hujjarsa guda ce tak: gidan nan ya riga ya ba hanya mutum ɗaya, ba zai ƙara mata na biyu ba. Ga kuma Shamsuddeen, ɗan amininsa na Shinkafi, mai shagunan hatsi, wanda in ya zo zance sai layin ya kwana yana ƙamshin turare. Wane uba ne zai ga wannan ya waiwayi mai wuni a kan taya?

Abin da ya hana Baffa yanke magana Inna ce, mahaifiyar Mardiyya. Ba ta da yawan magana, amma duk ranar da ya shigo da zancen Shamsuddeen sai ta ce a bar ɗiyar da wanda take so, ta ci gaba da tsintar shinkafarta kamar ba ita ta yi maganar ba. Mardiyya kuwa ba yarinya ba ce, malama ce a makarantar unguwarsu a nan Ƙaura Namoda, ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa Rilwanu take so. Da ƙyar da jiɓin goshi Baffa ya yarda magabatan Rilwanu su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ji da abin da suka zo.

Mutumin da gidan ya ba hanya shi ne Zubairu, yayan Mardiyya, ɗan farin Inna, aminin Rilwanu tun suna yaran mota a tasha. Tare suke jan wata tsohuwar Hilux, irin wadda ba ruwanta da yashi ko laka, suna ɗibar hatsi da 'yan kasuwa tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi. Ranar da abin zai faru zazzaɓi ya kwantar da Rilwanu, Zubairu ya fita shi kaɗai. 'Yan bindiga suka tare hanya kafin a shiga Zurmi. Mutanen wani ƙauye ne suka yi masa sutura a can, don ba wanda ya isa ya bi hanyar da gawa a ranar. Motar ce kawai ta dawo gida.

Mata suka cika gidan da kuka, Inna tana zaune da carbi, idonta a bushe. Ɗan fari ne fa. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai motar nan". Ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, to mutuwarsa ce za ta sa ta zubar da kunya? Aka yi ta cewa Inna akwai tawakkali.

Bayan an yi arba'in aka kawo zancen sayar da motar, ta ce a bar wa Rilwanu ya ci gaba da ja. Shi kuma ya mayar da abin al'ada, duk Juma'a ya zo ya ajiye motar a ƙofar gidan, ya gaida Inna daga bakin zaure, ya taka da ƙafa zuwa masallaci. A wannan zuwan ne ya fara lura da wadda ke miƙo masa ruwan alwala.

To, a gaban motar nan akwai bamba. Ba wadda ta zo da ita daga kamfani ba, waccan tun daminar farko hanyar Zurmi ta cinye ta. Zubairu ne ya sa wani mai walda a bakin tasha ya haɗa masa ta ƙarfe mai kauri, wadda ko bijimi ta daka shi ne zai ji a jikinsa. Zubairun ne ya yi mata fenti da kansa, shuɗi irin na ƙofar shago. Yana cikin shafawa santsi ya kwashe shi, ya kai hannun dama ya cafki ƙarfen da ɗanyen fentinsa. Da ya ɗaga, ga tafin hannunsa nan raɗau, har zanen tafin ana gani. Rilwanu ya ce a sake shafe wurin, Zubairu ya yi dariya ya ce a bar shi, kowa ya gani ya san motar wa ce.

Tun bayan rasuwar Rilwanu ba ya iya kallon wurin. In zai wanke mota sai ya kau da kai ya watsa ruwa. Shuɗin ya koɗe, tsatsa ta ci gefe da gefe, bambar ta koma abin kunya.

Ranar Alhamis, ana gobe zuwan magabata, ya kai kaya kasuwar Shinkafi. Yana cikin sauke buhuna sai ga Shamsuddeen cikin farar shadda, shi da mutanensa. Ya tsaya ya ƙare wa gaban motar kallo, ya yi murmushin nan nasa na mai abin hannu.

"Malam Rilwanu, da wagga za a kai dattawa gidan surukai gobe? Ka dai gaya musu su tattare riguna, kada tsatsa ta yi musu lalle."

Aka kwashe da dariya. Maganar ta biyo Rilwanu tun daga Shinkafi har Ƙaura, tana zaune a gefensa kamar fasinja. Namiji kenan, a zage shi ya haɗiye, amma a yi masa dariya a kan macen da yake so, to an taɓo shi.

Bai ko biya gida ba ya tsaya wurin masu kayan fenti. Ya sayi samfefa da buroshi da tina mai narkar da fenti, da gwangwanin jan fenti mai hana tsatsa, da baƙi mai ƙyalli. Mai shagon ya ce ya kai wa masu feshi mana su yi masa aiki mai kyau. Ya ce a'a, Zubairu da hannunsa ya yi, shi ma da hannunsa zai yi.

Ya ajiye motar a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansu, ya tuɓe riga, ya rufe fitilu da lambar mota da tsofaffin jaridu, ya durƙusa ya hau gurza. Tsatsa da tsohon fenti suna zuba a kan ƙafafunsa, farin ƙarfe yana fitowa. Daga gefen hagu ya faro, yana matsowa a hankali, yana sane da abin da ke jiransa a gefen dama.

Da ya iso wurin hannun, samfefar ta ƙi ci. Zamewa kawai take yi. Ya taɓa da yatsa ya ji maiƙo, ya kai hanci ya ji kamar ƙamshin man shanu. Sai a lokacin ya lura duk bambar ta yi tsatsa ban da wurin nan, shuɗinsa na nan da sauransa, har wani sheƙi yake yi. Ya ce a ransa yaran tasha ne da hannayensu na cin ƙosai.

Ya daɗe a tsugune yana kallon tafin. Hannun da ya sha tura masa kwanon tuwo ne, hannun da ya koya masa riƙon sitiyari. Hawaye suka zubo masa, ya goge da bayan hannu.

"Ka yafe mini, abokina. Don ƙanwarka nake yi."

Ya tsiyayi fetur a tsumma ya goge maiƙon tas, ya sake sabuwar samfefa, ya rufe ido ya gurza har sai da ya ji ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin hannunsa.

Wayyo rashin sani, wanda ya fi dare duhu! Da akwai mai riƙe masa hannu a lokacin nan, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Amma babu kowa a ƙarƙashin bishiyar sai shi da awakin maƙwabta.

Kafin magariba ya shafa jan. Da hantsin Juma'a ya bi shi da baƙin, ya shafa ya sake shafawa, ya zuba masa kauri don ya yi ƙyalli. Mai shago ya gaya masa a bar fenti ya kwana biyu kafin ya bushe, amma ina lokacin yake? Ya ja da baya ya kalli bambar tana ɗaukar ido, ya ji ransa ya yi fari. Ya yi wanka ya sa sabon yadi, ya ɗauko Kawu Tambari, wan mahaifiyarsa, da wasu dattawa biyu.

Ya ajiye motar a inda ya saba, ya yi sallama a bakin zaure. Inna ta amsa daga ciki da muryar da ya san ta da ita, ta ce Allah shi sa a sauko lafiya. Suka taka zuwa masallaci yana jin kamar ba ƙasa yake takawa ba.

Da aka sallame suka dawo tare da Baffa Armiya'u, tun daga kan kwana Rilwanu ya hangi mata cunkus a ƙofar gidan. Ya san ba lafiya ba, don matan unguwar nan ba sa tsayawa a waje lokacin da maza ke dawowa daga masallaci.

Matan suka dare ya wuce. Inna ce zaune dirshan a ƙasa a gaban motar, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje. Tafukan hannunta biyu baƙi ƙirin da ɗanyen fenti, jikin bambar kuwa duk sawun yatsu ne, kamar na wanda ya yi lalube a cikin duhu. A gefenta ga wani ɗan gwangwani ya kife, man shanu yana narkewa a cikin yashi. Ba kuka take yi ba. Ƙarfen kawai ta zuba wa ido.

Mardiyya tana durƙushe ta riƙe mata kafaɗa. Ta ɗago ta dubi Rilwanu, kallon da bai taɓa gani a idonta ba, sannan ta sunkuyar da kai.

Mata suka cicciɓi Inna zuwa ciki. Baffa ya juyo ya ba dattawa haƙuri, ya ce yau kam babu zancen da za a yi, sai yadda hali ya yi. A hanyar komawa Kawu Tambari ya yi ta tambayar Rilwanu me ya yi wa mutanen nan, shi kuwa ya rantse ya maya bai yi komai ba, fenti kawai ya yi.

Bayan la'asar ya dawo da ƙafa, don bai yarda ya sake kawo motar layin ba. Ya daɗe a tsaye kafin Mardiyya ta fito zaure. Idanunta sun kumbura, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Yaya Rilwanu, mi hannun yayana ya yi maka?"

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ka san abin da ya sa Inna ta ce a bar maka motar nan? Ka ɗauka don ka fi kowa iya tuƙi ne? Don kai kaɗai ne ta san za ka riƙa kawo ta ƙofar gida."

Tana kuka tana gaya masa. Duk Juma'a, da zarar layin ya yi tsit, maza sun tafi masallaci, babu idon da zai gan ta, Inna takan ja mayafi ta ɗauki ɗan gwangwaninta ta fita. Ta share ƙurar wurin da gefen zanenta, ta shafa masa man shanu kada tsatsa ta ci shi, sannan ta ɗora tafinta a cikin tafin ɗanta ta tsaya shiru. Kafin a ji sallamar liman ta koma ciki ta zauna a kan shinkafarta. Ko ita Mardiyya ba a taɓa gaya mata ba, leƙe ta yi wata rana ta gani, ta kuma riƙe bakinta don kada tsohuwar ta ji kunya ta daina.

"Ba ta ga gawarsa ba," in ji Mardiyya. "Ba ta san inda kabarinsa yake ba. Tufafinsa anka rabar sadaka tana kallo, ba ta iya cewa a bar mata ko hula ba, kada a ce ta nuna son ɗan fari. Wanga hannu shi kaɗai ya rage mata a duniya. Tun yana jariri ba ta riƙe hannunsa a gaban kowa ba, sai da ya mutu ta samu ta riƙe. Shi ne ka goge."

Rilwanu ya jingina da bango.

"Wallahi, Mardiyya, ban sani ba. Da na sani, da gara in yanke nawa hannun."

"Ba ka ji maiƙo a wurin ba?"

"Na ji."

"Ba ka ga wurin kaɗai bai yi tsatsa ba?"

"Na gani."

"Amma ba ka tsaya ka tambayi kanka ba."

Sai ya yi abin da bai kamata ya yi ba, ya shiga ba ta labarin kasuwar Shinkafi, da abin da Shamsuddeen ya faɗa, da dariyar da aka yi masa. Yana zaton za ta ga dalilinsa. Ta bar shi ya kai aya, ta share hawaye da bakin mayafi.

"Ashe dariyar Shamsuddeen ta fi hannun yayana nauyi a wurinka. Ni da na zaɓe ka, motar tana walƙiya na zaɓe ka? Da walƙiya nake so ai ga motar Shamsuddeen can tana zuwa ƙofar gida kullum. Kowa ya zo cewa yake mu yi haƙuri mu manta. Kai kaɗai nake kallo in ce ga wanda ba zai taɓa mantawa ba. Shi na so a jikinka, Yaya Rilwanu, shi na so."

Ya durƙusa a ƙasan zauren, babban mutum da gemunsa, yana roƙon ta bar shi ya shiga ya ba Inna haƙuri. Ta girgiza kai. Ta ce Inna ta juya fuska ga bango, ba ta yi magana ba, ta kuma ƙi yarda a wanke mata hannu. Ta saki labulen zauren ta shige, ya ji kukanta yana nisa.

Washegari da safe ya jiƙa tsumma da tina ya hau goge wurin, ko Allah zai sa wani abu ya rage. Baƙin ya tashi, jan ya tashi, sai farin ƙarfe sumul. Aikin da ya yi ya yi kyau ƙwarai, bai bar ko ɗigo ba. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Ya kira wayar Mardiyya har ya gaji, ba ta ɗaga ba. 'Yan kasuwar Zurmi suka yi ta aike, ya ce mota ba lafiya. Daga ƙarshe ya ji ba zai iya ci gaba da ganin baƙin ƙarfen nan a gaban motar ba, ya ɗauko sifana ya shiga ƙarƙashi ya yi ta fama da notina masu tsatsa. Da na ƙarshe ya saki, bambar ta faɗo ta kife a kan fuskarta, cikinta ya kalli sama.

Can ciki, gefen da ke fuskantar injin, buroshinsa bai kai ba. Tsohon shuɗin na nan a ƙarƙashin busasshiyar laka. Ya sa hannu ya share lakar haka kawai, sai ya tsaya cak.

Kan yatsu huɗu ne a jere, sun nutse a cikin fentin, kowanne da zanensa.

Ai cafka Zubairu ya yi ranar da santsi ya kwashe shi. Tafin ya zauna a waje, yatsun suka lanƙwasa ta ciki, inda ba wanda ya taɓa leƙawa. Rilwanu ya kifa goshinsa a kan ƙarfen ya yi kukan da bai yi ba ranar da motar ta dawo ba direba.

Ya so ya ɗauki bambar ɗungurungum ya kai, sai ya tuna baƙin fentin nan shi ya kayar da Inna, ba zai sake ajiye mata shi a gaban ido ba. Kuma me tsohuwa za ta yi da ƙarfen da sai ƙarti biyu sun ɗaga? Abin da za ta iya ɓoyewa a ƙarƙashin matashi yake so ya kai mata, ta riƙe lokacin da ta ga dama, ba sai ta jira Juma'a ba.

Ya kai wa mai waldar bakin tasha. Mutumin ya duba ya ce in da wuta ne ko da injin yanka, kafin ya sha ruwa an gama, amma zafin zai toye fentin, yatsun su tafi. In yana son su tsira, sai dai zarto, da hannu, a hankali.

Kawu Tambari ya same shi a ƙarƙashin bishiya yana ta gurzar ƙarfe, ya yi masa faɗa sosai. Ya ce ya ajiye shirmen nan ya tashi su je su durƙusa wa Baffa Armiya'u tun maganar ba ta yi tsami ba, don mutanen Shinkafi ba barci suke yi ba. Rilwanu ya ce ba zai koma gidan nan hannu rabbana ba, da me zai kalli Inna? Kawu ya kaɗa rigarsa ya tafi yana cewa shi dai ya faɗa.

Ƙarfen Zubairu ba na wasa ba ne. Zarto ya karye, ya sayo wani, shi ma ya karye. Ya lulluɓe yatsun da jiƙaƙƙen tsumma, in ya ji ƙarfen ya fara ɗumi sai ya dakata ya jira ya huce. Tafukansa suka yi ruwa suka fashe, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba. Ya kwana biyu yana abu ɗaya kafin guntun ya faɗo a hannunsa, bai fi tafin hannu girma ba.

Da ya shafa bakinsa sai ya ji kaifi. Ya kankare sauran baƙin fentin bayansa, ya samo magagari ya ƙara ɓata safiya guda yana goge gefunan, har suka yi santsi, don kada su yanki tsohuwa. Sannan ya naɗe shi a farin ƙyalle ya kama hanya da ƙafa.

A ƙofar gidan ya ga sawun tayoyin mota a cikin yashi, ga ledojin alewa iska tana wasa da su, ga tabarmi an naɗe an jingina da bango. Ya ga duk wannan, zuciyarsa ta gaya masa, ya ƙi saurarenta. Ya yi sallama.

Mardiyya ce ta fito, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Ya ce saƙo ne na Inna, kuma hannu da hannu zai ba ta. Ta dubi ƙyallen, ta dubi ɗaurarrun hannayensa, ta juya, ya bi ta.

Inna tana kwance a kan tabarma, fuskarta ga bango, har yanzu da baƙi-baƙi a zanen tafinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ya kwance ƙyallen ya ajiye guntun ƙarfen a kusa da hannunta.

"Inna, na yi ɓarna, ban da bakin ba ki haƙuri. Ga abin da ya rage."

Ta daɗe kafin ta juyo. Idonta ya sauka a kan shuɗin, ta yunƙura ta tashi zaune. Ta ɗauka da hannu biyu ta kai shi wajen hasken ƙofa. Sannan a hankali ta jera yatsunta a cikin gurbin yatsun, ɗaya bayan ɗaya. 

"Zubairu," in ji ta.

Mardiyya ta toshe baki da mayafi. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba.

Inna ta ɗago ta dubi Rilwanu, hawayen da ta riƙe tun ranar da motar ta dawo suna bin fuskarta.

"Ka maido mini da ɗana. Allah shi yi maka albarka, Rilwanu, na yafe maka duniya da lahira." Ta sunkuyar da kai. "Ni ce ban tsare maka naka ba."

Bai tambaye ta me take nufi ba. Ya tashi ya fito, Mardiyya ta biyo shi zaure, a nan ta gaya masa. Jiya da yamma Baffa ya shigo da zancen mutanen Shinkafi kamar yadda ya saba. Ya tsaya yana jiran Inna ta faɗi maganar nan tata, ta a bar ɗiyar da wanda take so. Inna ba ta ko motsa ba. Sai ya juya ga ita Mardiyya, wadda ta kwana ta wuni tana ɗura wa uwarta ruwa da cokali, zuciyarta cike da haushin Rilwanu. Yau da hantsi aka kawo goro, aka sa rana bayan kaka.

"Ba wanda ya tilasta mini," in ji ta. "Baffa ya tambaye ni har ya maimaita. Da bakina na ce duk yadda sunka yi daidai ne."

"A mayar musu da goronsu, Mardiyya."

"Ya shiga gidaje, Yaya Rilwanu. An tauna. Baffa ya ba da baki a gaban dattawan gari biyu." Ta dubi hannayensa. "Yaushe ka gan su, yatsun?"

Ya gaya mata. Ya gaya mata zancen mai walda da wutarsa, da zartunan da suka karye, da safiyar yau da ya ɓata yana goge kaifi. Tana ji tana girgiza kai, hawaye suna ɗiga a kan mayafinta.

"Da ka kawo shi da kaifinsa. Da ka bari ya yanke mu duka."

Suna tsaye haka wata tsohuwa maƙwabciya ta ratso zauren da faranti a hannu, irin tsofaffin nan da ido ya fara yi musu nisa. Ta ga namiji a tsaye, ta ɗebo goro biyu da alewa ta kama hannunsa ta danƙa masa, ta ce ga nasa, a taya su addu'a Allah shi sa a yi da mu. Ta wuce abinta.

Daga cikin gida muryar Inna ta taso, ba a hankali ba wannan karon. Sunan take kira da ƙarfi, tana kira tana maimaitawa, har matan maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga.

Mardiyya ta dube shi, ta dubi ƙofar cikin gida. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai Inna ta sake kira. Ta saki labulen ta ruga wurin uwarta.

Rilwanu ya tsaya shi kaɗai a zauren, goron a cikin fasasshen tafinsa, yana jin tsohuwar tana ta kiran ɗanta.